Abin da Hadiyya Ta Karanta a Jikin Jarka

Waɗanda suka san Hadiyya daga baya, can bayan gari inda aka zube mutanen Zango, sun ɗauka haka Allah ya halicce ta, da baki kamar reza. Ka kai mata takardar magani, sai ta ɗora tabarau, ta karanta, ta dube ka ido cikin ido ta ce, "In ka wuce ƙwaya biyu, ƙodarka za ta lalace." Babu sannu, babu Allah ya kiyaye. Amma duk wanda ya zauna Zangon Wagadugu kafin motocin rusau su mai da unguwar fili ya san ba haka take ba. A da, in ana neman mace mai sanyin baki, sunanta ake fara kira.

'Yar Malam Nasrullahi ce mai fataucin goro, jikan waɗanda suka fara sauke kaya a wurin tun ana zuwa da jakuna. Tana da shekara bakwai ya ɗora ta a motar albasa zuwa Kumasi, riƙo wurin gwaggonta. Gwaggon ta sa ta makaranta, ba don son boko ba, don dai kada ta yini tana gantali a kasuwa. Shekara shida ta yi tana karatu da Turancin Ingilishi. Da aka kori baƙi daga Gana a 1969, ta dawo gida da akwatin kwano guda da wani ɗan ƙamus wanda bangonsa ya daɗe da cirewa. Ta tarar da mahaifiyarta a kwance, ga jariri ɗan wata huɗu a gefenta. Uwar ba ta ga damina ba. Jaririn shi ne Kabo, kuma a bayan Hadiyya ya girma, ita ta yaye shi da koko, ita ta riƙe shi ranar kaciya. Ta yi aure daga baya, ta haihu sau biyu ba su tsaya ba, mijin ya rasu, ta dawo gidan ubanta ta kafa faifan goro a ƙofa. Duk duniya Kabo ne nata, kuma ko da ya yi gemu ya buɗe garejin gyaran babura ta wajen Kuluba, Auta take kiransa.

Faifan goro ke ciyar da ita, amma ba da shi aka san ta ba. Ayyuka biyu take yi wa unguwa, duka kyauta.

Na farko karatun takarda. A Wagadugu da Faransanci ake karatu, amma rabin kayan da ke shigowa Zango daga Gana da Ikko suke zuwa: maganin ciwon kai, man shafawa, maganin sauro, man gyaran gashi, duk da rubutun Ingilishi a jiki. Sai ka ga saurayi da jakar makaranta da taƙama, an miƙa masa kwali, ya juya shi sama ya juya shi ƙasa, ya ce rubutun ne ya yi ƙanƙanta. Ƙarshenta dai a kai wa Hadiyya.

Ta kuwa san aikinta. Kalmomin da Ingilishi ke kiran mugun abu da su ta san su daki-daki, kamar yadda ta san goronta, wannan daushe ne, wannan na bana. Wani lokaci in Kabo ya zo cin tuwo takan jera masa su don nishaɗi. "Harmful," in ji ta, shi ne abin da ke cutarwa a hankali, kamar taba. "Adverse" a takardar magani ake ganinsa, shi ne abin da magani kan jawo maka wanda ba shi ka nema ba, jiri ko ƙaiƙayi ko amai. "Dangerous" na haɗari ne, irin wutar lantarki ko karyayyar gada. "Toxic" guba ce tsagwaronta. Sai na ƙarshensu, "fatal," wanda bayansa sai likkafani. Kabo ya kan yi dariya ya ce, "Mutanen nan sun sha wahala, Yaya. Mugun abu ma sai an yi masa aji-aji kamar 'yan boko a lakwal."

To, amma duk waɗannan kalmomi, in sun shiga idon Hadiyya suka fito ta bakinta, abu ɗaya suke zama: "A dai yi a hankali." Takardar maganin mura, a dai yi a hankali. Kwalbar maganin ɓera, a dai yi a hankali. Ba ƙarya take yi ba a ganinta. Tarbiyya ce. Mutanen Zango ba sa kiran mugun abu da sunansa a gaban mai shi. Mutum yana kan gargara, ka tambaye shi ya jiki, ya ce da sauƙi, kai ma ka ce Allah ya ƙara sauƙi, kowa ya san abin da ya gani. Hadiyya a cikin wannan ta tashi, kuma ta fi kowa iyawa.

Shi ya kawo aikinta na biyu, kai labarin mutuwa. In an yi rasuwa a nesa, ko hatsari a hanya, ita ake aika wa uwa ko mata. Tana da tsarinta da ba ya canzawa. Za ta yi sallama ta zauna kusa da mai gidan, ba a gabanta ba, a gefenta. Ta tambaye ta ko ta ci abinci. Ta kama hannunta na dama ta riƙe da hannu biyu. Sannan ta ce, "Jikin nasa ya ɗan yi nauyi." Daga nan sai ta yi shiru, ta bar mai hannun ta ƙarasa da kanta. Shekara talatin tana wannan aiki, ba wanda ya taɓa jin ta ce wane ya mutu. Ana yaba mata ƙwarai, ana cewa bakinta ba ya fasa zuciya.

A 2003 aka tabbatar wa mutanen Zango da maƙwabtansu cewa tashi ya zama dole. Gwamnati za ta rushe tsakiyar gari ta yi sabon gini, su kuma an yanka musu filaye can bayan gari, waɗanda ake kira parsel. Unguwa ta yi tsit kamar gidan makoki. Kabo ya fi kowa shiga damuwa, don garejinsa da abokan cinikinsa duk a nan suke, ga matarsa Rasmata, Bamosa mai sayar da ƙosai, ga yara uku. Ya rame, ya daina wasan da ya saba. Abin da ya fi cin ransa shi ne ruwa, domin an ce a sabon wurin famfo yana da nisa, sai mai abin tara ruwa ne zai zauna lafiya.

Ranar wata Laraba da la'asar, saura 'yan kwanaki azumi, sai ga shi ya turo kura har ƙofar gidan ubansu, cike da fararen jarkoki goma sha biyu, masu kauri, masu murfi ja. Tare da shi akwai Wada, mai sayar da tsofaffin durom da jarkoki a bakin kasuwa, wanda ya samo su daga wata motar goro da ta taso daga Gana. Mutane biyar ko shida suna zaune a kan benci suna cin goro. Kabo yana dariya har kunne, dariyar da Hadiyya ta yi wata huɗu ba ta gani ba.

"Yaya, dubi bido," in ji shi. "Irin wannan ko jikana sai ya gada. Ruwan parsel ya ƙare magana. Duba mana abin da suka rubuta, wai na mene ne."

Ta sa tabarau, ta ɗora jarka ɗaya a cinya. An kankare takardar jikin, amma rabin ƙasa yana nan. Maganin ƙwarin gonar koko ne. Ta ga "toxic" da manyan baƙaƙe. A ƙarƙashinsa ta ga "fatal," an ce ga duk wanda ya haɗiya. Layi na ƙarshe ya ce kada a sake zuba komai a cikin jarkar, a huda ta a binne.

Shekara da shekaru tana karatun takardu, ba ta taɓa ganin kalmomin biyu a jere a wuri ɗaya ba. Ta ɗaga kai. Ga Kabo yana jira da fara'arsa. Ga Wada a tsaye, dattijo mai furfura, abokin marigayi mijinta, ga mutane a benci sun zuba ido. In ta faɗi abin da ta gani, ta ce wa Wada a bainar jama'a guba ya sayar, ta kuma kashe wa Auta ɗan farin cikin da ya samu. Bakinta ya yi abin da ya saba.

"Maganin gona aka zuba a ciki," ta ce. "A wanke su da kyau. A dai yi a hankali."

Kabo ya bushe da dariya. "Yaya ke nan. Ko ruwan Zamzam aka kawo miki, a dai yi a hankali." Mutanen benci suka taya shi. Ba laifinsa ba ne, don abin da ta faɗa a kan maganin mura ke nan, kuma ya sha maganin mura bai ga komai ba. Ya ɗaure jarkokinsa ya tura kura ya tafi.

Ta yi niyyar ta bi shi gida washegari da safe, ta ja shi gefe, ta gaya masa su biyu, kamar yadda ake yi. Ta ce a ranta ai tashi sai bayan salla, jarkokin ajiye su zai yi, akwai lokaci. Da safen kuwa, tana shirin fita, aka zo aka ce ɗan Dela, ƙanwar mijinta da ke Paspanga, ya yi hatsari a hanyar Bobo, kuma uwar ba ta sani ba. Wa za a aika in ba Hadiyya ba? Ta yafa mayafi ta tafi. Ta zauna a gefen Dela, ta kama hannunta, ta yi aikinta. Ba ta iya barinta ba sai da aka yi sadakar uku. Jarkokin suna faɗo mata a rai, tana cewa gobe.

Ran Lahadi da hantsi ta sauka daga tasi a bakin layinsu. Ta san ranar ce aka sa za a yi addu'ar bankwana da unguwa a ƙofar gidan Malam Nasrullahi, gidan da ya fi kowanne daɗewa a layin. An kafa rumfa, maza sun cika tabarmi, mata suna daga baya, yara suna ta kai da kawowa. Liman ya riga ya fara. Abin da ba ta sani ba shi ne wa aka ɗora wa abin sha.

A jikin bango, cikin inuwa, fararen jarkoki goma sha ɗaya ne a jere, an lulluɓe su da jiƙaƙƙun buhuna. Rasmata da wasu mata biyu suna tsiyaya zom-kom, ruwan garin geron nan mai citta da tsamiya da Mosawa ke tarbar baƙo da shi, suna cika kofuna ana miƙawa. Kowa ya ajiye kofinsa a gabansa, domin ba a sha sai liman ya shafa fatiha.

Hadiyya ta kutsa cikin mata. Da ƙyar ta isa wurin Rasmata.

"Ina Auta?"

"Yana ɗakinki, Yaya, ya ɗan kwanta. Tun shekaranjiya kansa ke ciwo. Yau kuma ciki ne."

"Ɗaya jarkar fa? Goma sha biyu ne."

"Tana gareji, ita yake shan ruwa da ita tun ran Alhamis. Shi ya wanke su duka da hannunsa, da omo da yashi, yadda kika ce. Warin ne bai fita duka ba, sai na ƙara citta. Da safen nan ma shi ya ɗanɗana kowace bido, ya ce ba zai ba unguwa abin da bai ɗanɗana ba."

Hadiyya ba ta san lokacin da ta shiga ɗakin ba. Kabo yana kwance a tabarmarta, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, yawu yana zuba ta gefen bakinsa ba ya iya tsayar da shi. Naman hannunsa yana rawa shi kaɗai. Ƙirjinsa yana ƙara kamar tukunyar da ta fara tafasa. Ta ɗaga fatar idonsa, ta ga baƙin tsakiyar ya tsuke ya koma kamar kan allura.

"Auta. Ya jikin?"

Ya yi ƙoƙarin murmushi. "Da sauƙi, Yaya."

Tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba ya kama ta. Ta fito da gudu. Liman ya kusa ƙarasawa, hannuwa duk suna sama, wani yaro ƙarami ya riga ya kai hannu kan kofin ubansa. Ta buɗe baki, sai ta ji kanta tana cewa, "Jama'a, don Allah, a dai..." Ko mutum ɗaya bai waiwayo ba. Muryar da suka saba ji ce, maganar da suka saba ji ce.

Sai ta taka tabarmar maza da takalminta, ta ratsa tsakiyarsu, ta wuce ta gaban liman yana cikin addu'a. Ta sa ƙafa ta hankaɗe jarkar farko, zom-kom ya malale har ƙarƙashin tabarmi.

"Guba ce!" ta ce, da muryar da ba wanda ya san tana da ita. "Kada wanda ya sha. Duk wanda ya sha zai mutu."

Addu'a ta tsaya a tsakiya. Hannuwa suka sauko ba a shafa ba. Ba hankaɗe jarkar ne ya daskarar da mutane ba, ba kuma taka tabarmar ba. Kalmar ce, da bakin da ta fito. Tsofaffin da suka san ta tun tana goyon Kabo suka saki baki suna kallonta. Wata mata ta fizge kofi daga hannun ɗanta ta jefar. Daga nan sai ƙarar kofuna a ƙasa ta ko'ina, iyaye suna buɗe bakin yara suna shinshinawa. Allah ya taimaka, ban da wasu mata biyu da suka kurɓa suka tofar don ɗaci, ba wanda ya sha.

Wada ya miƙe daga cikin maza. "Hadiyya, ke fa kika duba. A gabana kika ce a wanke kawai."

Ga hanya a buɗe, da ta so. Tana iya cewa takardar a kankare take, ko tabarau ne ya tsufa, kuma kowa zai karɓa, don a Zango ana taya mutum rufa asirinsa.

"Ni na duba," ta ce. "An rubuta guba, an rubuta yana kisa, an rubuta a binne jarkar. Na gani da idona, ban faɗa ba. A kawo mota, Kabo yana ciki."

Aka tare tasi. Samari huɗu suka ɗauko shi a tabarma. Ita kuma ta ɗauki jarka ɗaya ta rungume, ta shiga tasin da ita.

A asibiti ma'aikacin jinya ya tambaya da Faransanci me ya sha. Aka miƙa masa jarkar, ya duba rubutun, ya girgiza kai, ya ce a nemo mai jin Ingilishi. Hadiyya ta karɓa. Ta karanta layi-layi, tana faɗa da Hausa, Rasmata tana juya masa da Mosanci. Ba ta tsallake kalma ko ɗaya ba, ba ta sassauta ko ɗaya ba. Ta karanta masa har dogon sunan maganin, harafi bayan harafi. Da ya ji sunan sai fuskarsa ta canza, ya tambayi kwana nawa. Aka ce huɗu. Ya tura gadon da aka kwantar da Kabo da sauri, ƙofa ta rufe.

Suka zauna a benci a baranda. Azahar ta wuce. Hadiyya tana riƙe da jarkar a cinya, ta ƙi ajiyewa. Abin da ke yawo a kanta bai wuce lissafin kwanaki ba: Laraba da la'asar yana tsaye a gabanta lafiya lau yana dariya, tsakaninta da shi taku biyu, kalma ɗaya ta isa. Mamakin kanta ya fi komai damunta. Ita ce ta raine shi, ita ce kaɗai a duk layin ta san abin da aka rubuta, kuma kunyar Wada da mutanen benci ta fi ƙarfinta.

Ana kiran la'asar aka leƙo aka ce matarsa ta shigo. Rasmata ta shiga. Ta daɗe.

Da ta fito ba ta yi kuka ba. Ta tako a hankali, ta wuce gaban Hadiyya, ta zauna a gefenta. Shekara goma sha biyu ke nan da aka kawo ta Zango amarya, kuma duk abin da ta sani na zaman Hausawa a wurin wannan matar ta koya.

"Yaya," ta ce, "tun safe ba ki sa komai a cikinki ba."

Hadiyya ta dube ta. Rasmata ta zare mata hannun dama daga jikin jarkar, ta riƙe da hannu biyu.

"Jikin nasa ya ɗan yi nauyi."

Ta yi shiru, kamar yadda ake yi. Hadiyya ta san zaman, ta san tambayar, ta san riƙon hannun, ta san shirun. Gida nawa ta shiga da su. Ba ta taɓa sanin haka suke daga wannan gefen ba, a bar ka kai kaɗai ka ƙarasa.

"Rasmata, faɗa mini yadda yake."

Rasmata ta buɗe baki, ta kasa. Hawaye suka zubo mata.

"Kabo ya mutu," in ji Hadiyya.

Rasmata ta gyaɗa kai. Shekara talatin Hadiyya tana kai wannan labari gida-gida, ranar ce ta fara faɗinsa da bakinta.